Kafin Mu Hau Dutse



Hutun Ista kwana huɗu ne, daga Jumma'a zuwa Litinin. A gidanmu mun shirya za mu kai yara Jos, mu huta da zafin Kaduna. Garin yana bisa tudu, wajen mita 1,200 sama da teku, shi ya sa iskarsa take da sanyi. Yara suna ɗokin ganin duwatsun Shere.

Mun zauna mun yi lissafi. Kuɗin mai da masauki ba za su taɓa kuɗin makaranta ba. Makanike zai duba birki da tayoyi. Za mu bi ta Saminaka tun da sassafe, kada dare ya same mu a hanya. Ran Lahadi kuma za mu nemi ikkilisiya a can, mu yi sujada.

Hutawa ba zunubi ba ne. Cikin Markus 6:31 Ubangiji da kansa ya kira almajiransa su keɓe su huta. Amma Yakubu 4:13-15 yana tuna mana cewa gobe ba a hannunmu take ba.

Da muka tuna da wannan, sai muka ga saura abu ɗaya. Akwai maƙwabcin da muka yi wata biyu ba ma gaisawa. Jiya muka je muka nemi gafararsa.

Ɗan'uwa, ka duba motarka. Ka duba zuciyarka kuma?

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka tsare fitarmu da komowarmu. Amin.