WASAN BIDIYO: ABIN DA YA KAYAR DA SEGA

Shugaban taro, malamanmu iyayenmu, 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa.

Na san wasu malamanmu za su yi murmushi da jin kan maganata, domin sun sha kamo mu a gidan gem muna buga ƙwallo a PlayStation lokacin darasi. To, yau daga can na ɗauko mana darasi.

A ƙarshen 1994 kamfanoni biyu na Japan suka fito da na'urorinsu: Sega da Saturn, Sony kuma da PlayStation. Saturn tana da manyan ƙwaƙwalen sarrafawa guda biyu, amma sa su aiki tare ya zame wa masu rubuta wasanni jidali. Ita kuwa Sony sai ta ba su kayan aiki cikin harshen kwamfuta na C, wanda suka riga suka iya. Da Nintendo 64 ta fito a 1996, kaset ɗinta bai wuce megabait 64 ba, alhali faifan CD na ɗaukar kimanin 650. Wannan na cikin abin da ya sa kamfanin Square ya kai Final Fantasy VII wajen Sony a 1997.

Sakamako fa? An sayar da PlayStation sama da miliyan 100, Nintendo 64 kimanin miliyan 33, Saturn kuwa wajen miliyan 9. A 2001 Sega ta daina ƙera na'ura. Ashe wanda ya sauƙaƙa wa ma'aikaci aiki, shi ke cin kasuwa. Mu ma'aikatan gwamnati sai mu duba tulin takardun da muke ɗora wa jama'a.

Yau an samu sauƙi. Da manhaja irin su Unity ko Unreal, mutum zai gina wasa sau ɗaya, ya daidaita shi ya hau kwamfuta da waya da na'urar wasa. Godot ma kyauta ce.

Saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya ta saya wa makarantarmu kwamfutoci, ta nemo mai koyar da ƙannenmu wannan sana'a. Mun daɗe muna buga wasan wasu. Ina na Bayajidda? Ina na dambe da langa? Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai, don haka a nan zan tsaya.