Buɗe Gareji ko Zama Ƙarƙashin Maigida: Nasiha ga Matasan Kanikawa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, akwai tambayar da matasanmu na Diggi da Kalgo da sauran ƙasar Gwandu suke yawan yi, musamman kanikawa, da masu wayarin, da masu faci, da masu gyaran babur da Keke Napep: idan an yaye mutum, shin ya buɗe garejinsa ne, ko kuwa ya ci gaba da aiki a ƙarƙashin wani?

Da farko, mu sani babu ƙasƙanci a ɗayan biyun. Annabi Musa (AS) ya yi aikin ƙwadago a Madyana bisa sharaɗin shekara 8 ko 10. Manzon Allah (SAW) ya yi wa mutanen Makka kiwo don lada, ya kuma yi fatauci da dukiyar Nana Khadija (RA). Shi kuwa Abdurrahman ɗan Aufu (RA), da ya isa Madina, kasuwa ya nemi a nuna masa. Saboda haka abin dubawa shi ne: wa zai ɗauki asara idan ta auku?

Malaman fiƙihu sun raba ma'aikaci gida biyu. Akwai wanda mutum ɗaya ya ɗauka aiki na wani lokaci. Wannan amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya yi sakaci ko ƙetare iyaka. Akwai kuma mai sana'ar da ya kafa kansa domin jama'a. Shi a mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibnu Abi Zaid, lamunin abin da aka bar masa yana wuyansa, sai fa in an sami shaidar cewa ya salwanta ba da laifinsa ba. Ke nan ranar da ka rataya allo da sunanka, motar da ta kwana a wurinka, da batirinta da tayoyinta, duk nauyinka ne, har da ɓarnar da yaronka ya yi.

To, sai mu auna da abubuwa uku.

Na farko, ilimin sana'a. Motar kafireto ta ja baya, motocin yanzu na injekta ne, na'urar kwamfuta ke gano lalurarsu. Wanda bai ƙware ba ya karɓi irin wannan mota yana lalube, kuɗin da ya karɓa akwai shubuha a ciki. Irin wannan gara ya ƙara shekara ɗaya ko biyu a hannun gwani a Birnin Kebbi ko Jega ko Sakkwato, domin sauri kan haifi nawa.

Na biyu, jari. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a 2024. Faɗuwar darajar Naira ta ɗaga kuɗin sifana da jak da kayan gyara, har na Beljiyam. Mai gareji zai biya hayar fili, ya ciyar da yara, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Kuma cinikin ƙauye yana bin kaka: in manoman shinkafa sun sayar, aiki ya yi yawa, in damina ta yi tsakiya, sai bashi. Wanda zai fara da rancen ruwa kuwa, lalle ya gina gidansa a kan rami.

Na uku, amana. Mai zaman kansa ba shi da mai duba shi sai Allah, ga jarabar sanya tsohon kaya a ce sabo ne, ko ƙara kuɗi a rasit. Yaron gida shi ma yana da tasa: karɓar aiki a bayan idon maigida, da janye masa abokan ciniki.

Ku kuma iyayen gida, ku ji tsoron Allah. Ba daidai ba ne a riƙe ƙwararren matashi shekara da shekaru a kan kuɗin abinci kawai. A yanka lada sananne, ko kaso sananne, a sa wa'adin yaye, a rubuta a gaban shaidu.

Akwai kuma hanya ta uku da muke shawarta. Malikiyya sun halatta tarayya ta aikin jiki idan sana'ar ɗaya ce ko makusanciya, kuma a wuri ɗaya. Kanikawa biyu ko uku sai su haɗa kayan aiki, su kama fili ɗaya, su raba abin da aka samu gwargwadon aikin kowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wanda ya cika sharuɗɗan nan uku, ya yi istihara ya buɗe. Wanda bai cika ba, ya zauna inda yake da mutuncinsa, yana tara kayan aiki ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya sanya albarka a sana'o'inmu, Ya tsare mu daga cin haram. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.