Ba Girin-girin Ba Dai, Ta Yi Mai

Daga shirinmu na makiyaya da 'yan kasuwar kan iyaka, Zogbeli, Tamale

Ina gaida iyayenmu na ruga, da iyayenmu mata masu tallar nono da wagashi, da direbobi da yaran mota da ke kwana a layi a Paga da Sinkase, da masu sauke albasa da tumatir a kasuwar Aboabo. Allah Ya kai kowa gida lafiya, Ya tsare kaya da dabbobi.

Hirarmu ta yau a kan abubuwan ban mamaki ce da ake yi da abinci, ko ake ƙera su da siffar abinci. Duk mai babbar waya ya san su, kullum suna yawo a WhatsApp da TikTok. A kalla, a yi dariya, a tura wa na gaba. To amma ɗan kasuwa ba ya tsayawa a dariya. Tambayarsa ita ce: abin nan me yake haifarwa? Hausawa suka ce ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Bari mu ɗora kaɗan daga cikinsu a kan wannan sikeli.

Mu fara da wanda ya shafi makiyaya. A Amurka akwai wata jiha da ake kira Iowa, inda ake babban baje kolin noma da kiwo duk watan Agusta. Tun shekarar 1911 suke da al'adar gina saniya sukutum da man shanu. E, man shanu dai da kuka sani. Ana haɗa ƙashinta da katako da ƙarfe da waya, a yaɓe ta da mai wajen kilo 270, a ajiye ta cikin ɗaki mai sanyi, jama'a na leƙe ta gilashi. Na san Inna da ta wuni tana kaɗa nono za ta ce wannan ai almubazzaranci ne. Sai dai in an tashi bikin ba zubar da man ake yi ba, adana shi ake yi a sake aiki da shi shekaru da dama. Kuma saniyar talla ce: masu madara ne ke jawo idon mutane zuwa hajarsu. Kun ga wannan ta yi mai, har a zahiri.

A Japan kuwa, a garin Zentsuji, kankana suke nomawa mai kusurwa huɗu kamar bulo. Tun tana ƙarama ake sa ta cikin akwati, ta girma ta ɗauki siffarsa. Tsadarta ta ninka ta kankanar ci sau da yawa. Ga abin dariyar: ana cire ta ne kafin ta nuna, don haka ba a shan ta, ado ake yi da ita a shago ko a falo. Can tana da masu saye. Nan fa? Kawo ta Aboabo da azumi, ka ce wa mai buɗa-baki ta kallo ce, ka ji amsar da zai ba ka. Kowace haja da kasuwarta, ƙwarya ta bi ƙwarya.

Mu dawo Gana. A Teshie, kusa da Ankara, mutanen Ga suna da masassaƙa masu yin akwatin gawa da siffar sana'ar mamaci. Masunci a yi masa kifi, manomi a yi masa koko ko barkono ko albasa, mai dabbobi a yi masa saniya. Wanda ya yi suna da wannan aiki tun shekarun 1950 shi ne Seth Kane Kwei, wanda ya rasu a 1992, sai almajirinsa Paa Joe. A 1989 an baje irin wannan aiki a birnin Paris, yau kuma gidajen tarihi na Turai da Amurka suna saye suna ajiyewa. Mu namu likkafani ne da makara, kowa da al'adarsa. Abin lura a nan shi ne, aikin hannun da maƙwabci ke gani kamar wasa, shi wani ke hawa jirgi ya zo nema. Masu zanen ƙwarya da saƙar faifai, wannan magana taku ce.

Yanzu ga wanda na fi so mu daɗe a kansa, don shi ya taɓa aljihunmu. Ba shi da kyan hoto, ba wanda zai tura shi a waya don dariya. Tukunya ce cikin tukunya.

Wani malamin makaranta ne a jihar Jigawa ta Najeriya, marigayi Mohammed Bah Abba, ya yaɗa wannan dabara a ƙauyuka cikin shekarun 1990, har kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo a shekarar 2000. Ga yadda take. Ka samu tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama. Ka zuba yashi a gindin babbar, ka zaunar da ƙaramar a ciki, ka cike tsakaninsu da yashi. Ka jiƙa yashin sosai, ka sa kayanka a ƙaramar, ka rufe da jiƙaƙƙen tsumma ko buhu. A ajiye a inuwa, inda iska ke wucewa, a riƙa ƙara ruwa safe da yamma.

Ina sanyin ke fitowa? Daga inda sanyin ruwan randa ke fitowa. Ruwa na tsattsafowa ta jikin babbar tukunya, iska na busar da shi, shi kuma yana tafiya da zafin da ke ciki, kamar yadda gumi ke sanyaya jiki. Shi ya sa babbar dole ta zama ta ƙasa zalla, ba fenti, ba roba. Rahotannin aikin Bah Abba sun nuna yalon da ke lalacewa cikin kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da barkono kuma sun kai mako uku.

Ku lura da lokaci, jama'a. Dabarar ta fi aiki idan iska a bushe take, wato hunturu da bazara. Lokacin nan ne kuwa tumatirin Burkina ke kwararowa ta Paga, lokacin ne mai kasa tumatir ke karya farashi da la'asar don tsoron kada ya kwana ya ruɓe. Da damina aikinta na raguwa. Kuma ba firji ba ce: kada a dogara da ita wajen ɗanyen nama ko ajiye madara kwana da kwanaki. Ba ta hawa mota, ta rumfa ce da gida. Tukwane ga su nan wurin iyayenmu mata magina a Kukuo, ga su a Sirigu. A gwada da guda ɗaya, a ga yadda ta yi, kafin a zuba jari.

Ita ma ruga da nata abin mamakin. Baƙo in ya ga ana matse tumfafiya cikin madara mai ɗumi ta daskare ta zama wagashi, a rina ta ja da karan dafi, sai ya riƙe baki. Madarar da ba ta iya wuni ta koma hajar da za ta shiga mota zuwa Kumasi, muddin ana tafasa ta da gishiri. A dai kiyaye idanu da ruwan tumfafiya, yana da illa.

Jan kunne ɗaya ga masu saro ƙananan kaya. Akwai sabulu mai kama da alewa, abin goge rubutu mai siffar ayaba ko biskit, turare cikin kwalba mai kama da ta lemo. Kyan ɗan maciji ke nan. Babba ya san ba abinci ba ne, yaro ɗan shekara biyu bai sani ba, bakinsa zai kai. Ƙasashen Turai sun yi dokar hana irin waɗannan kaya tun 1987. In ka saro, kada ka jera su kusa da alewa, kuma ka faɗa wa uwar da ta saya.

Nan za mu dasa aya. Wanda ya gwada tukunyar, ya aiko mana da sakamako, kwana nawa tumatirinsa ya yi, mu karanta wa jama'a. Allah Ya sa albarka a nema. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, wassalamu alaikum.