Fastocin Manyan Gasannin Wasanni da Matsayinsu a Tarihi



Abin da zan yi magana a kansa yau abu ne da yawancinmu ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, wato takardun nan masu zane da akan liƙa a bango domin shelar wata babbar gasa ta wasanni. Mutanen gari suna kiran irin wannan takarda fasta, jam'inta fastoci, kuma kamar yadda ɗaliban nahawu za su lura, jam'in nan ya yi karo da na fasto mai wa'azi a coci. Ni dai zan bi bakin jama'a.

A ƙasashen Turai tara waɗannan takardu ya daɗe da zama fanni mai zaman kansa. An fara buga fasta ta hukuma domin wasannin Olamfik a shekarar 1912, lokacin da aka yi su a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin. An buga ta cikin harsuna 16, amma wasu ƙasashe suka ƙi yarda a liƙa ta, domin 'yan wasan da aka zana kusan tsirara suke. Ashe ke nan takarda guda ta isa ta nuna mana inda kunyar wata al'umma ta bambanta da ta wata. Gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa kuwa, tun karonta na farko a Yurugwai a 1930 take da fastarta, wadda Guillermo Laborde ya zana. Da gasar ta je Sifen a 1982, shekara bakwai bayan mutuwar Janar Franco, sai aka ba Joan Miró aikin, mutumin yankin Kataloniya, yankin da mulkin Franco ya danne wa harshe. Wanda ya san wannan ba zai kalli zanen a matsayin ado kawai ba.

To, mu dawo gida. Kaduna ba baƙuwar manyan wasanni ba ce. A nan aka yi bikin wasanni na ƙasa a 1977, aka sake yinsa a 2009. Ƙungiyar Ranchers Bees ta garin nan ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun kofi ta Afirka a 1988. Filin wasa na Ahmadu Bello yana cikin filayen da aka buga gasar duniya ta matasa a 1999, wadda Sifen ta ci, haka kuma gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta 2009, wadda Suwizalan ta doke Nijeriya da ci ɗaya a wasan ƙarshe a Abuja. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya zo da takardunsa: fastoci, da tikiti, da jadawalin wasanni, da katin gayyata. Tambayata ita ce, wa a cikinmu zai iya shiga ɗaki ya fito mana da guda? Aka gama gasa, ruwan damina ya wanke na bango, na ofis kuma masu ƙosai da masu tsire suka yi maganinsu.

Mai nazari yana karanta abubuwa da yawa a jikin fasta. Yana duba wa ya ba da kuɗi, wace maɗaba'a ta buga, wace sura aka zaɓa ta wakilci ƙasa, sa'an nan da wane harshe aka yi wa jama'a magana. Wannan na ƙarshe shi ya fi damuna a matsayina na malamin Hausa. Fastocin hukuma da Turanci akan buga su, alhali mai sauraron wasan a rediyo da Hausa yake jinsa. Shi ya sa nake ganin kalandun 'yan ƙwallo da ake sayarwa a kasuwa, waɗanda masu shayi da masu aski suke mannawa, su ma sun cancanci a tara su, ko da yake masu tara na hukuma a Turai ba za su kalle su ba.

Game da ajiya, abokan gaba huɗu ne: rana, da laima, da gara, da hannun ɗan Adam. Kada a ninke takarda, a shimfiɗa ta tsakanin takardu masu tsabta. Kada a sa mata gam ko salatif, kada kuma a rufe ta da leda mai zafi, domin ba ta sake ɓarewa. A rubuta wuri da shekara a bayanta da fensir. A kuma dubi gefenta na ƙasa, inda sunan maɗaba'a yakan kasance, domin ta nan ake rarrabe bugun asali da wanda aka sake bugawa daga baya.

Ga ma'aikata kuwa, musamman na ma'aikatun wasanni da na watsa labarai, roƙona ƙarami ne. Duk abin da ofishinku ya buga, a ware kwafi biyu kafin a raba. Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970 a gidan marigayi Sardauna, yana nan a titin Rabah, ga kuma ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a titin Yakubu Gowon. A kai ɗaya can, ɗaya nan, tare da wasiƙa mai kwanan wata.