Tas'iri da Hannun Hukuma a Kasuwa: Laccar da Aka Gabatar a Adabraka



Mas'alar da aka ɗora mini in yi bayani a kanta ita ce tas'iri, watau hukuma ta yanke wa mai haja farashin da zai sayar da hajarsa. Kuma dalilin tasowarta ba ɓoyayye ba ne, domin a lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba na 2022, mutanen kirki waɗanda tsada ta galabaitar sun yi ta roƙon gwamnati ta shiga kasuwa ta tsawata wa masu shinkafa da mai.

Dattawan da ke zaune a sahun gaba sun san inda wannan hanya take ɓullewa, gama sun bi ta da ƙafafunsu. A zamanin Janar Acheampong, sa'ad da gwamnati take buga kuɗi ba iyaka don ta toshe giɓin baitulmali, ta kuma ƙayyade farashin sukari da madara da sabulu, sai kayan suka ɓace daga kantuna, suka koma hannun wanda ya san babban soja ko ya sami takardar izini, shi kuwa ya sayar da su a ɓoye ninkin-ba-ninkin. Abin da aka kira kalabule ke nan. Da Rawlings ya karɓi mulki a 1979, aka ɗora laifin duka a kan matan kasuwa, aka yi wa waɗansunsu bulala a bainar jama'a, a watan Agusta kuma aka rushe kasuwar Makola, tafiyar ƙafa daga inda muke zaune. Wallahi zalunci ne, kuma bai dawo da ko gwangwanin madara guda ba. A 1983, ga fari ga yunwa, tsada ta haura kashi 120 cikin ɗari, har ala tilas gwamnatin Rawlings ɗin da kanta ta fara sakin farashi, kaya kuwa suka soma fitowa. Manomin koko ma haka ya sha: hukumar saye ta danne masa farashi, ya riƙa tsallakawa da buhunansa Togo da Kodebuwa.

Mu da muka yi karatun zaure ba mu bukatar wani masanin Turai ya koya mana wannan. Ya tabbata a hadisin Anas ɗan Malik cewa farashi ya yi tsanani a Madina, sahabbai suka nemi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya ƙayyade musu, ya ƙi, yana tsoron kada ya sadu da Ubangijinsa da haƙƙin wani a wuyansa. Ibn Khaldun kuma ya yi dogon bahasi a Muƙaddima kan yadda shigar sarki cikin ciniki take karya talakawa, ta rage harajin da shi kansa yake nema.

Na san wani malami zai ce, ina batun ihtikari, ɓoye abinci don a jira tsada? Haramun ne, babu jayayya, kuma akwai fuƙaha'u da suka yi rangwame a kan tas'iri idan lalura ta tsananta. Amma mai ɓoyewa ba abin da ke karya shi kamar ya ga wani ya sauke kaya a kusa da rumfarsa, ya yi araha. Don haka maganinsa yawan masu sayarwa ne, su kuwa dokokinmu korarsu suke yi. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe ƙaramin ciniki a kasuwa ga 'yan ƙasa, da ita aka kafa hujja aka garƙame shagunan 'yan Nijeriya a Circle, nan maƙwabtanmu. Zango ya ɗanɗana irin wannan a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi, aka watsa gidajen da kakanninsu suka yi fataucin goro tun zamanin kasuwar Salaga. Ina roƙon sarakunanmu na zango, in sun zauna da 'yan majalisar dokoki na mazaɓun Ayawaso, su sa gyaran wannan doka a cikin bukatunsu, su kuma tambaye su nawa gwamnati ta ranta daga babban banki a 2022, kafin a tuhumi mai tallan albasa.