Saƙar hannu: daga kaɗa zuwa gwado

Gaisuwa ta musamman ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Badagishiri, da na Illela, Malbaza da Birnin Ƙwanni. Yau hirarmu a kan saƙa take.

Ku dubi gwadon da kuke rufa da shi lokacin ɗari. Hannu nawa ya bi kafin ya zo gare ku? Manomi ya shuka kaɗa, wato auduga. Mata suka gurje ta da magurji, suka fid da gurya. Suka shiɓe ta, suka kaɗa zare da mazari: siriri na tsaye, abawa mai kauri ta kwance. Sannan masaƙi ya yi wadari, ya zauna, ƙafa na motsa allera, hannu na jefa ƙoshiya. Sawu siriri yake fitarwa. Sai an haɗa sawaye da yawa kafin a sami gwado ɗaya.

Wannan aiki ya taɓa ciyar da ƙasa. A 1851 wani Bajamushe, Heinrich Barth, ya zo Kano. Ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a can suna kaiwa Tambutu, har Tarabulus. Daga baya yadin masana'anta da gwanjo suka cika kasuwa, masaƙa da yawa suka ajiye ƙoshiya.

To, ku ji labarin wasu mutane a Amurka, sunansu Nabaho. Makiyayan tumaki ne a ƙasa mai fari, jihohin Arizona da Niyu Meziko. Matansu ke saƙa da gashin tumaki, a masaƙa ta tsaye irin ta matanmu. A 1864 sojan Amurka suka kore su daga ƙasarsu, aka hallaka dabbobinsu. Sai a 1868 suka komo. Da barguna masu araha na masana'anta suka shigo, sai suka koma saƙa dardumar shimfiɗa mai kauri, wadda baƙi ke saye da tsada. Uwa na koya wa ɗiya har yau. A 1990 Amurka ta kafa dokar da ta hana a sayar da jabu da sunan aikinsu.

A ganinmu, gardamar araha da inji ɓata lokaci ce, inji ne zai ci. Abin da masaƙi ya fi inji shi ne ƙwari da zane nasa na kansa, kuma wannan ya cancanci kuɗinsa. Amma masaƙi nawa ne ya san abin da ya kashe?

Ga aikin wannan mako. Ku sami masaƙi ko makaɗiya a garinku. Ku rubuta a littafinku kuɗin zare, da kwana nawa aikin ya ci, da nawa aka saya a kasuwa. Ku ɗebe kuɗin zare, ku raba saura da yawan kwanakin. Ku kawo wa malaminku amsar.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.