Fitilun Ado a Titin Kantuna: Wa Zai Biya?

Jawabi ga Hakimai da Malaman Ofisoshinsu



Fitilun titi iri biyu ne a manyan biranen Turai da Amurka. Akwai fitilar tsaro, wadda a ke kafawa domin mai tafiya da dare ya ga gabansa, ɓarawo kuma ya rasa duhun da zai laɓe. Wannan hakkin hukumar gari ne, daga harajin jama'a a ke biyan kuɗinta, ba a kuwa yin gardama a kai. Sa'an nan akwai fitilar ado, wadda a ke ratayawa a kan itatuwa, ko a ja ta daga wannan bene zuwa wancan. Ba ta da wani aiki sai ƙawata titi, domin mutane su fito kallo da dare, in sun gaji da kallo su shiga kanti. A kanta ne a ke jayayya, gama talakan da ke zaune a bayan gari bai ga dalilin da za a ɗebi harajinsa a ƙawata ƙofar attajiri ba. Saboda haka tun da daɗewa al'ada ta zama masu kantuna ne ke ɗaukar wannan nauyi.

A birnin London akwai wani titin kantuna da a ke kira Regent Street. A shekarar 1954 ƙungiyar masu kantunan titin ta yi karo-karo, ta rataya fitilun ado domin bikin Kirsimeti. Ba don nishaɗi kaɗai suka yi ba. A watan Disamba rana takan faɗi a London kafin ƙarfe huɗu na yamma, ga sanyi, ga shi kuwa lokacin ne ciniki ya fi yawa a shekara. Mutane suka yi ta tururuwa zuwa kallo. Da masu kantunan Oxford Street, titin da ke gicciye da shi, suka ga haka, sai su ma suka fara nasu a 1959. Amma abin bai ɗore ba. Da tattalin arziki ya taɓu, kuɗi ya yi wuyar tarawa, aka yi shekaru da dama ba a kunna fitilun ba, sai wajen ƙarshen shekarun 1970 suka dawo.

To, dalilin wuyar tara kuɗin nan shi ne abin lura. Fitila ba ta san wanda ya biya ba. In an kunna ta, haskenta zai faɗa a ƙofar wanda ya ba da fam ɗari, ya faɗa a ƙofar maƙwabcinsa wanda bai ba da ko anini ba, mai sayayya kuma ya shiga inda ya ga dama. Shekarar farko kowa yakan bayar don kunya. Shekara ta biyu sai mutum ya lura maƙwabcinsa ya ci bulus, bai kuwa rasa kome ba, sai shi ma ya ce bana kasuwa ba ta yi ba. Shekara ta uku nauyi ya koma kan mutum biyar ko shida, su ma su gaji. Duk wanda ya taɓa bin gida gida yana karɓar gudummawar gyaran rijiya ya san wannan hali, ba sai an gaya masa ba.

Maganin abin ba daga London ya fito ba, daga birnin Toronto ne na ƙasar Kanada. A yammacin birnin akwai wani yanki na titin Bloor mai ƙananan kantuna, na mahauta da masu burodi da masu tufafi. Dā motar lantarki mai bin dogo ita ce ke ɗaukar mutane a kan titin, fasinja yana zaune yana kallon kantuna, in wani abu ya ba shi sha'awa ya sauka. A 1964 aka buɗe wata babbar rumfar kantuna mai suna Yorkdale a gefen birni, mai filin ajiye motoci. A 1966 aka buɗe hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta titin Bloor, a 1968 kuma aka ƙara tsawonta ta ratsa ƙarƙashin wannan yanki, aka daina tafiyar motar saman titi. Watau masu sayayya suka koma wucewa ta ƙarƙashin ƙafafun masu kantuna ba tare da sun gan su ba. Kantuna suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Ƙungiyar 'yan kasuwar yankin ta gwada karo-karo, ta gamu da abin da aka riga aka faɗa. Sai waɗansu daga cikinsu, har da Neil McLellan mai sayar da kayan zinariya, da Alex Ling, suka je wa hukumar birni da wata buƙata wadda ba a saba ji ba daga bakin ɗan kasuwa. Suka ce a sa musu ƙarin haraji. Sharaɗinsu shi ne, a ɗora shi a kan kowane mai sana'a a yankin ba togiya, hukuma ta tara da hannunta, sa'an nan ta mayar musu da kuɗin su kashe a kan titinsu. Hukumar birni ba ta da ikon yin haka, sai da gwamnatin lardin Ontario ta gyara dokar ƙananan hukumomi tukuna. A 1970 aka kafa yankin da sunan Bloor West Village, shi ne na farko irinsa a duniya. A shekarar farko suka yanka wa kansu dala 47,500, mafi yawanta kuwa ta tafi a kan fitilun da aka naɗa wa itatuwa da tukwanen furanni. Titin ya farfaɗo. Yau a Toronto kaɗai akwai irin wannan yanki fiye da 80, tsarin kuma ya bazu zuwa Amurka da Afirka ta Kudu da Jamus da sauransu.

Ya kamata malamai su lura da yadda kuɗin ke tafiya, domin a nan ne hikimar ta ke. Kuɗin na 'yan kasuwa ne, ba na baitulmali ba, amma ba su ne ke bin juna suna karɓa ba. Su ne ke taruwa kowace shekara su amince da kasafi, majalisar birni ta duba ta yarda, a raba wa kowa gwargwadon darajar wurinsa, babban kanti ya biya da yawa, ƙaramin shago kaɗan. Hukuma ta karɓa tare da harajin gini, ta miƙa wa kwamitin yankin, wanda ɗan majalisar unguwar ke zama a cikinsa. A ƙarshen shekara mai binciken lissafi ya duba littattafai. Ta haka maƙwabci ba ya zama mai bin maƙwabcinsa bashi, hukuma kuma ba ta samun damar karkatar da kuɗin zuwa wani aiki.

Ingila ta karɓi wannan tsari da dokar ƙananan hukumomi ta 2003, ta kuma ƙara masa takunkumi. Ba a kafa yanki sai an jefa ƙuri'a, kuma dole a ci ta fuska biyu: rinjayen yawan masu kantunan da suka jefa, da rinjayen darajar kantunansu in an haɗa. Wannan domin kada manyan kantuna uku su danne ƙananan ɗari, kada kuma ƙananan su yanke hukunci a kan kuɗin da manyan za su fi biya. Titunan Oxford da Regent ɗin nan da aka ambata suna cikin irin wannan yanki tun 2005. Har ila yau akan rubuta tun farko abin da hukuma ta saba yi wa titin, kamar shara da fitilun tsaro. In ba a rubuta ba, hukuma tana iya janye hannunta a hankali, ta bar 'yan kasuwa suna biyan abu ɗaya sau biyu.

Duk da haka tsarin yana da nasa aibi, bai kuwa kamata a ɓoye ba. In titi ya yi kyau, kuɗin haya yakan tashi, wani lokaci ƙaramin mai shagon da ya biya kuɗin fitila shi ne zai fara barin wurin, mai gini ya ci ribar. Masu talla da masu kasa kaya a bakin titi ba su da ƙuri'a, sau da yawa kuma su ne a ke fara korewa da sunan tsabta. Sa'an nan titin da ya fi arziki shi ne ya fi iya tara kuɗi, sai a ga tsakiyar gari kamar rana, lungun bayansa kuwa sai abin da hukuma ta iya. Akwai kuma wanda bai yarda ba tun farko, aka rinjaye shi, dole ya biya. Wannan ƙorafinsa gaskiya ne, ko da ya ke yana cin amfanin hasken.

Dokar Ingila ta yi wa mai irin wannan ƙorafi tanadi guda. Wa'adin yanki ba ya wuce shekara 5. In ya cika sai a sake kawo takardar shirin aiki da kasafinsa, a sake jefa ƙuri'a kamar ta farko. In masu kantuna suka ƙi, harajin ya faɗi daga ranar da wa'adi ya ƙare, kwamiti ya rufe littattafansa, sai a koma neman wanda zai biya kuɗin fitilun baɗi.